Rumbun da Ke Jikin Mace: Tarihin Ƙiba a Ƙasar Yelu da Ciwon Dajin Nono

A ƙasar Yelu, kamar sauran garuruwan da ke jere a bakin Dallol Mawri tun daga Dogonduci har inda kwarin ya gangara kogin Kwara kusa da Gaya, idan amarya ta je ganin gida bayan 'yan watanni da tarewa, kafin ta buɗe baki an riga an karanta labarin aurenta a wuyanta da damatsanta. In ta cika, kumatu sun fito, zane ya kama ƙugu, sai ka ji gwaggo na cewa aure ya karɓe ta, yaron nan ya iya kiwo. In ta rame, ko da dariya ta shigo, za a ja ta ɗaki a tambaye ta abin da take ɓoyewa. Kyangawa, waɗanda Yelu ke cikin tsofaffin garuruwansu, da Dendawa da Zabarmawa da Arawa da Fulanin da ke zaune tare da su, kowa da harshensa, amma a kan wannan bakinsu ɗaya: ƙibar mace shaidar wadata ce, kuma mutuncin mijinta ne da na gidan ubanta. Yau likitoci na cewa kitsen nan da ake yabo yana ciyar da ciwon dajin nono, yana kuma rage wa wasu magungunansa ƙarfi. Maganarsu gaskiya ce. Sai dai wanda ya ji ta ya ce ashe cuta kakanninmu ke kiwo, ya yi wa tarihi karatun gaggawa. Al'adar tana nan inda aka bar ta, rayuwar da ke kewaye da ita ce ta sauya. Ƙibar da a da baƙuwa ce, ta zo da kaka ta tafi da damina, yanzu ta zama 'yar gida, ana sayo ta a ƙwaya, tana zama a tumbi, tana raka mace har shekarun da za ta daina al'ada, kuma a waɗannan shekarun ne kitse ke yin ɓarnar da bai samu damar yi ba a zamanin kakanni.

Ba a fahimtar son ƙiba sai an fara da yunwa. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga fadama mai rake da rogo da dankali, ga dajin giginya mai ba da muruci, ga gishirin Foga da fatake suka daɗe suna ɗauka zuwa Borgu da Nufe. Wannan ni'ima ce ma ta sa mutanen nan suka ga fuskar yunwa ido da ido, domin nan ne waɗanda fari ya koro daga arewa ke gangarowa da 'ya'ya a baya. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado, a littafinsa na 1993 kan yunwar Sahel, ya tattara sunayen da jama'a suka raɗa wa waɗannan shekaru, kuma sunayen kaɗai sun isa labari. Ta farkon ƙarnin da ya wuce Zabarmawa sun kira ta Ize-nere, wato sayar da 'ya'ya. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Gande-beri, mai faffaɗan ƙirji da ya rungumi kowa, wadda Hausawa ke kira Kakalaba. Ta 1931 shekarar fara ce, ta cinye ƙasar Doso da Yamai yayin da Nasara ke ci gaba da karɓar haraji. A shekarun 1950 an yi shekarar gari, saboda garin rogon da ake hawowa da shi daga kudu shi ya riƙe rayuka. Ta 1984 kuwa aka ce mata El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Buhari ta yi, abin da ya ƙuntata wa mutanen wannan yanki masu cin kasuwa ɗaya da 'yan uwansu na Kamba. Tsakanin waɗannan manya kuma akwai ƙaramar yunwar kowace shekara, mai zuwa idan rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, noma kuma ya kai maƙura.

A sa mace a tsakiyar wannan lissafi. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna matar Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin, kuma tana shayar da kowanne wajen wata 20. In aka haɗa watannin ciki da na goyo na 'ya'ya bakwai, za a samu kusan shekara 17 da jikinta ke ciyar da rai biyu. Mai shayarwa na bukatar abin da ya kai ƙarin ci guda a kowace rana, kuma in tukunya ba ta bayar ba, jikinta ne zai biya. Kitsen da ta tara a cinya da ɗuwawu rumbu ne da ɓarawo ba ya fasawa, fara ba ta ci, mai karɓar haraji ba ya aunawa. Uwar da ta cusa wa 'yarta abinci lokacin da hatsi ke da araha, tanadin ruwan nonon jikanta take yi, kuma ban ga inda hankali ya kuskure a cikin wannan ba.

Daga nan al'adar ta samo siffarta. Zabarmawa na kiran ta hangandi, daga kalmarsu ta sha, wato a shayar da mutum: mace ta zauna ta yi ta shan kunu da fura da abin da aka dama da dusar gero, ƙwarya bayan ƙwarya, makonni a jere, sannan a yi taro da kiɗa a fito da waɗanda suka fi cika a yaba su a gaban jama'a. Hausawa ba su mai da abin gasa ba, amma suna da jego. Mai haihuwar fari ta koma gaban iyayenta. Tun asuba an tafasa ruwa a babbar tukunya, an tsoma ganye ana fyaɗa mata, ta fito jiki na tururi a miƙo mata kunun kanwa mai zafi, ga gasasshen nama an barbaɗe da yaji, ga ƙaurin da miji ya aiko yana kan wuta tun dare. Kaka na zaune a bakin ƙofa, ba ta tashi sai ta ga gindin ƙwarya. Ranar arba'in, da za a mai da ta ɗakinta, cikar jikinta ita ce wasiƙar da iyayenta ke aika wa dangin miji. A arewa, wajen Larabawan Azawak, abin ya fi haka tsanani. Rebecca Popenoe, wadda ta zauna cikinsu ta fitar da littafi a 2004, ta bayyana yadda ake fara ɗura wa yarinya madara da kunun gero tun tana famfara, a ci gaba har fatarta ta tsage, kuma tsagar ma ado ce. Akwai irin wannan a Muritaniya, akwai ɗakin kiwon amare a Kalaba. Ba zan wanke al'adar tas ba, domin akwai wata gaskiya mai ɗaci a gindinta: a gidajen sarauta da na masu dukiya, ƙibar uwargida na shelar cewa akwai wata macen, baiwa, da ke daka da ɗebo ruwa a madadinta. Faransa ta haramta bauta a yankin da dokar 1905, amma hoton macen da ba ta aiki ya rayu bayan dokar, ya zama burin kowace amarya.

Ga mafi yawan matan Yelu kuwa, burin bai taɓa wuce 'yan makonni ba. Washegarin arba'in taɓarya na jiranta. Surfe da daka sau biyu a rana, guga a rijiya, itace a ka, tafiya kasuwa a ƙasa, aikin gayauna da damina, ga jariri a baya yana tsotse abin da aka tara. Kafin a yaye shi kitsen jego ya narke, wani cikin ya shiga. Tsohuwar da ta kai shekara 50 a irin wannan rayuwa siririya ce, busasshiya, mai ƙarfin hannu, kuma ba tare da ta sani ba tana ɗauke da kusan duk garkuwar da ilimin zamani ya gano. Tun farkon ƙarni na 18 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya lura cewa dajin nono ya fi yawa cikin matan coci da ba sa aure. A 2002 aka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka samu cewa kowace haihuwa na rage haɗarin da kashi 7 cikin 100, kowace shekara ta shayarwa kuma na ƙara rage kashi 4.3. Haihuwa da wuri, goyo mai tsawo, aikin ƙarfi, tsufa ba teɓa: al'adar ƙiba ta rayu ne a cikin wannan shinge, shi ya sa ba ta yi cizo ba.

Shingen ya fara faɗuwa ne daga hanya. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gama a ƙarshen shekarun 1950, ta mai da wannan kusurwa ƙofar da kayan tashar ruwa ta Kwatano suka riƙa shiga Nijar: shinkafar waje, sukari, man girki a jarka, taliya, madarar gwangwani, lemon kwalba. Injin niƙa ya sauke taɓarya a manyan garuruwa, kabu-kabu ya rage tafiyar ƙasa, famfo ya matso da ruwa. Duk wannan alheri ne, kuma wanda bai taɓa daka damin gero ba bai kamata ya yi kewar turmi a madadin mata ba. Amma abincin da ke sa ƙiba ya daina bin kaka, aikin da ke narkar da ita kuma ya ragu. Sannan ƙanjamau ya zo. An tabbatar da shi a Nijar a 1987, sunan da Hausawa suka ba shi ma daga ƙanjamewar jiki aka ciro shi, kuma a garin da ke kan hanyar manyan motoci rama ta tashi daga alamar talauci ta koma abin zargi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin kanti ya yi tsada, masu tallar magani a faranti da bayan keke suka cika kasuwannin ƙauye. A nan tsohon buri ya haɗu da sabuwar hanya. A 2001 wakilin jaridar New York Times, Norimitsu Onishi, ya rubuto daga Maraɗi yadda mata ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba, har da waɗanda aka yi domin dabbobi. Sunan da kasuwa ta ba su ya faɗi komai: sha-ka-fashe. Galibi abu biyu ne a ciki. Akwai sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci. Akwai deksametazon, magani mai daraja a hannun likita, wanda in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba yake sauya wa jiki fasali: fuska ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a bayan wuya da tumbi, hannuwa da ƙafafu su sirance, fatar ciki ta tsage da jajayen layuka, sukari da hawan jini su biyo baya. Kaka mai ƙwaryar kunu tana cika cinya ne na kwana 40. Ƙwayar nan tumbi take cikawa, kuma ba ta san ranar arba'in ba.

Dalilin da ya sa wurin da kitse ya zauna da shekarun da ya kai suke da muhimmanci, shi ma tarihi ne. A 1895 wani likitan fiɗa a Gilasgo, George Beatson, ya cire wa wata mai dajin nono ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙarin ya ja baya. Bai san sunan abin da ya katse ba. Daga baya aka gane sinadarin mata ne, istirojin, kuma a 1958 Elwood Jensen a Chikago ya nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta na da wani kwaɗo da wannan sinadari ke buɗewa kamar makulli, ya umarce su su hayayyafa. Mafi yawan dajin nono a duniya na ɗauke da kwaɗon nan. Abin da ya rage a warware shi ne, in mace ta daina al'ada ma'ajiyar ƙwai ta rufe, daga ina makullin ke fitowa? Amsar ta zo daga Dalas a 1973, inda Pentti Siiteri da Paul MacDonald da abokan aikinsu suka nuna cewa jiki na juya wani sinadari da ke fitowa daga 'yar halittar da ke saman ƙoda ya mai da shi istirojin, kuma bincike na gaba ya tabbatar da cewa a cikin kitse ne aka fi yin wannan juyi, ta hannun wani ma'aikacin sinadari mai suna aromatas. Ma'ana, ga macen da ta daina al'ada, kitsenta ne babbar masana'antar istirojin, kuma iya yawansa iya abin da yake fitarwa. Ita kanta mama kitse ce mafi yawanta, don haka masana'antar tana maƙwabtaka da inda ƙarin ke tsira. Wani babban nazari na 2008 ya auna abin: duk ƙarin maki 5 a ma'aunin nauyi da tsayi, wanda ga mace mai tsayin mita 1.60 ya kai kilo 13, na ƙara haɗarin dajin nono bayan daina al'ada da kashi 12 cikin 100. A 2016 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa shi cikin ire-iren daji 13 da aka tabbatar ƙiba na da hannu a cikinsu.

Istirojin ba shi kaɗai ke wannan aiki ba. A 1994 Jeffrey Friedman a jami'ar Rockefeller ya gano leftin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu ya cika, kuma daga ranar aka daina kallon kitse a matsayin ajiya mara motsi. Mai ƙiba na da leftin da yawa a jini, kuma a ɗakin gwaji an ga yana zuga ƙwayoyin daji su rarrabu, yana taimaka wa ƙari ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, yana kuma ƙara wa aromatas himma. Kishiyarsa, adifonektin, mai taka wa wannan girma birki, raguwa yake yi yayin da tumbi ke ƙaruwa. Ga insulin: kitsen ciki na sa jiki ya daina jin maganarsa, sai a riƙa zubo shi da yawa, alhali shi ma mai cewa a girma ne, kuma yana da tasa ƙofar ta shiga ƙwayar daji. Idan ƙwayoyin kitse suka kumbura fiye da kima, wasu na mutuwa, sojojin jini su kewaye su, wurin ya zama kamar gyambon da ba a gani, kumburin nan kuma ya ƙara hura aromatas. Hannu da yawa ne ke tura wuta ɗaya, kuma mafi yawansu daga tumbi suke fitowa, daidai inda sha-ka-fashe ke tara kaya.

Inda abin ya fi taɓa talaka shi ne magani. Dajin da ke cin istirojin shi ne mai sauƙin kamu, domin bayan fiɗa ana iya tsare shi da ƙwaya ɗaya a rana na shekara biyar ko fiye, mace na zaune a ɗakinta a Yelu. Tamoksifen, wanda aka amince da shi a Ingila a 1973, toshe kwaɗon yake yi. Na baya-bayan nan, irin su anastrozol da letrozol, masana'antar suke rufewa, wato aromatas. To amma awon ƙwayar ɗaya ne ga mai kilo 55 da mai kilo 95, alhali masana'antar ɗaya ta ninka ta ɗayar. A 2010, da aka sake duba wani babban gwaji na matan da suka daina al'ada, an samu cewa masu ƙiba sosai, wajen kilo 90 ga mai matsakaicin tsayi, ciwon ya fi dawo musu da kashi 39 cikin 100 a kan sirara, kuma fifikon anastrozol a kan tamoksifen ya ragu a jikinsu. A 2011 wani gwaji a Ostiriya ya nuna masu nauyi da aka ba anastrozol sun fi marasa nauyi ganin dawowar ciwon da kashi 60 cikin 100, bambancin da ba a gani ba a ɓangaren tamoksifen. Letrozol, da ya fi ƙarfin dannewa, bai nuna wannan rauni ƙarara ba. Ko an toshe ƙofar istirojin, insulin da leftin na iya buɗe wa ƙarin ƙofar baya ya ci gaba da girma, wanda shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin da daji ke bi ya daina jin magani. A ɓangaren allurar kemo kuma, an daɗe ana rage wa masu ƙiba awo don tsoron illa, har ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2012 cewa a ba su cikakken awon nauyinsu. Jimillar duk wannan ta bayyana a 2014, da aka haɗa bincike 82 na mata fiye da 200,000: mai ƙiba da ta kamu da dajin nono ta fi mai matsakaicin jiki haɗarin mutuwa da kashi 41 cikin 100.

Likitan da ya yi aiki a Doso ko Sakkwato zai iya tsayar da ni a nan, kuma yana da hujja. Zai ce matan da yake gani da wannan ciwo 'yan shekara 40 da ɗoriya ne, da yawa suna al'ada, wasu da goyo, kuma ba masu ƙiba ba ne. Zai ƙara da cewa binciken Turai da Amurka kansa ya nuna ƙiba kafin daina al'ada ba ta ƙara haɗarin kamuwa, har ma tana ɗan rage shi, kuma aikin da Clement Adebamowo da Temidayo Ogundiran da Olufunmilayo Olopade suka yi shekaru a Ibadan bai samu nauyin jiki na ƙara haɗari ba. Zai kuma tuna nazarin 2009 kan mata 507 daga Nijeriya da Senegal, wanda ya samu kwaɗon istirojin a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Duk wannan haka yake, amma kowanne na da ci gaba. Yawan matasa cikin masu ciwon ya biyo yawan matasa cikin al'umma ne, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma yayin da mata ke ƙara tsawon rai, layin tsofaffi a asibiti zai ƙaru. Binciken Ibadan da bai ga laifin sikeli ba ya ga laifin ƙugu: matan da cikinsu ya fi faɗi idan aka gwada da ɗuwawunsu sun fi kamuwa. Wannan kuwa goyon bayan maganata ne, domin shi ne bambancin ƙibar kunu da ƙibar ƙwaya. Batun kwaɗon kuma, wani nazari na 2014 ya nuna cewa tsokar da aka yanko ta daɗe cikin zafi ba a adana ta da kyau ba tana ɓatar da alamar, kuma inda aka kula da samfurin, fiye da rabin dajin matan Afirka na ɗauke da shi. Sannan a wancan haɗin bincike 82, illar ƙiba ga wadda ta riga ta kamu ta fi tsanani ma ga masu al'ada, inda haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 75 cikin 100.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma rabinsa na yarda da shi. Za a ce a ƙasar da yara ke mutuwa da tamowa, wa'azin ƙiba maganar ƙoshi ce, kuma abin da ke kashe matar Yelu mai dajin nono jinkiri ne. Haƙiƙa jinkiri ne babban makashi. Wani nazari na 2016 ya nuna kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen matan kudu da Sahara na isa asibiti ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu. Wani da aka wallafa a 2020 ya bi mata a ƙasashe biyar, ya samu cewa a Nijeriya kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye bayan shekara uku, yayin da fararen matan Namibiya suka kai kashi 90. Ƙullutun da ba ya zafi ana cewa kaikayin nono ne ko sammu, a shafa magani, a jira kaka a sayar da gyaɗa, a ji tsoron yanke mama da abin da kishiya za ta ce. Rajistar masu daji ta Yamai, da aka buɗe a 1992, ta nuna na nono ne kan gaba cikin mata, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Gwamnati ta ayyana maganin dajin mata kyauta a 2007, amma na'urar gashi ta farko a ƙasar sai a 2021 ta fara aiki, a Yamai, kusan kilomita 300 daga Gaya. Idan kuɗi ɗaya ne, a sa shi wajen gano ciwo da wuri. Inda na rabu da masu wannan ƙorafi shi ne zaton cewa yunwa da ƙiba na bin layi, sai ɗaya ta tafi ɗaya ta zo. Binciken lafiyar iyali na 2012 ɗin nan ya samu matan Nijar masu nauyi fiye da kima sun kai yawan ramammu, wajen ɗaya cikin shida kowanne. A gida ɗaya ake samun su, wani lokaci ma mace ɗaya ce: yarinyar da tamowa ta tsumburar ita ce ke girma gajeriya, ta yi aure, ta tara kitse a ciki. Kuma ƙasar da ba ta da na'urori, wadda dogaronta ke kan ƙwaya mai araha, ita ce mafi asara idan ƙiba ta rage wa ƙwayar kaifi.

Ba na kiran matan Yelu su koma neman ramar 'yan talla na Turai, kuma hujjar da ke hannu ba ta kai ta yi alkawarin cewa rage ƙiba na warkar da daji ba. Da aka gwada metformin, maganin sukari mai sauke insulin, a kan mata fiye da 3,600 masu dajin nono, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai hana ciwon dawowa ba. Abin da aka gani shi ne, cikin dubban matan Amurka da suka daina al'ada, waɗanda suka sauke kashi 5 cikin 100 na nauyinsu ko fiye sun samu ragin kamuwa na kashi 12 cikin 100. Ragi ne mai auki amma ba mu'ujiza ba, kuma darasinsa shi ne hana kitsen taruwa ya fi sauke shi sauƙi da tabbas. Nan ne tarihin al'adar ke da amfani, domin tsohon tsari ya zo da iyakokinsa: akwai lokacin farawa, akwai ranar gamawa, abinci ne daga rumbun gida, kuma don mai shayarwa ake yi. Mai jego ta ci ta ƙoshi, haƙƙinta ne, jaririnta ma na bukata. Abin da ba shi da asali a gidan kowa, Bakyange ko Bazabarme ko Ba'are, shi ne ƙullin ƙwayoyi marasa suna da ake sa wa amarya cikin kayan gyaran jiki, da wanda uwargida ke sha a ɓoye ranar da ta ji za a yi mata kishiya. Masu iko da wannan su ne waɗanda suka riƙe al'adar tun asali, iyaye mata da gwaggwanni da ungozomomi, da mazan da ke auna darajarsu da faɗin matansu. Awon ma bai fi ƙarfin kowa ba: tef ɗin tela ya isa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa santimita 88 a ƙugun mace a matsayin inda haɗari ya yi yawa. Yarinyar da aka ɗura wa sha-ka-fashe a bikin bana tana da shekara 17, za ta daina al'ada nan da shekara 30 da 'yan kai. Da alama za ta haifi 'ya'yan da ba su kai na kakarta ba, ta shayar da su watannin da ba su kai nata ba, ta kuma isa wannan shekaru da tumbin da kakar ba ta taɓa ɗauka ba.